Jitar Dattijo da Ƙashin Saniya

Tun da aka ji a majami'a cewa ina neman wanda zan koya wa aiki, babu Asabar ɗin da wani cikin samarinmu bai leƙo shagona ba. Mutum zai shigo da waya a hannu, ya nuna mini bidiyon wani yana gyara jita kafin shayi ya huce, ya ce, "Uncle, ai wannan easy ne." Ni kuwa sai in miƙa masa magagari da guntun ƙashi, in ce ya goge mini gefe ɗaya ya miƙe. Yawancinsu ba a sake ganin ƙeyarsu. Ba haushinku nake ji ba, yaran nan. Amma tunda kun ce da sauƙi, ku zauna in gaya muku abin da bidiyo ba ya nunawa.

Sunana Yohanna, ɗan kafinta ne ni daga wani gari a kudancin Kaduna. A hannun babana na koyi bencin coci da ƙyauren ɗaki da akwatin gawa, ranar Lahadi kuma ina kaɗa wa mawaƙa jita. Karatu ya kawo ni Landan, karatun ya tsaya a hanya, na koma wankin kwanuka a otal. Wata tsohuwar jita da na saya ta tsage a baya, na liƙe ta da kaina, tsagar ta sake buɗewa. Shi ne na kai ta wani shago a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa nan Lewisham, wurin wani tsoho ɗan Ireland mai yawan tari, Mista Konlon. Ya juya jitar, ya zagi gam ɗin da na sa har da wanda ya sayar mini, sannan ya tambayi wa ya koya mini haɗa katako. Na ce babana. Ya ce in zo ranar Litinin, kuma in zo da tufafin da ba na so.

Aikina na farko dafa ƙashi ne. A saman wuyan jita akwai wani ɗan farin abu mai tsaga-tsaga wanda tsirkiyoyi ke hawa kansa, nat muke ce masa. A ƙasa kuma akwai jaki, kamar dai na molo ko garaya. Masana'anta da roba suke yin su, Mista Konlon kuwa ya ce roba ta bokiti ce. Sai in je wurin mahauta a babban titi in sayo ƙashin ƙafar saniya. Sun daɗe suna tsammanin farfesu nake sha kullum, har wani ya fara tausaya mini yana ƙara mini ɗan nama. In dafa, in kankare, in sake dafawa har maiƙon ya fita sarai, in shanya ya yi watanni, sannan in yanka da zarto. Duk wanda bai shaƙi warin ƙashi a bakin zarto ba, bai shiga sana'ar nan ba. A bas mutane tashi suke yi su bar mini kujera biyu.

Daga ƙashi na koma gam na fata, wanda ake narkarwa a ɗan tukunya, in ya yi zafi da yawa ya lalace, in ya huce ya ƙi kamawa. Sai magagarai sirara, kowace tsirkiya da nata. Sai koyon haƙuri da jirgi, don a shagon nan ba ka jin sautin tsirkiya sai ka jira jirgin da ke sama ya wuce, kwalaben kan kanta su daina rawa. Har yau in ina magana a gida nakan yi shiru a tsakiyar zance, matata Saratu ta ce, "Ba jirgi a nan, ƙarasa." Na fi shekara ban taɓa jitar kwastoma ba. Ranar da aka ba ni ta farko, abin da Mista Konlon ya ce shi ne in kalli inda katako ya cinye da inda datti ya taru, don nan ne hannun mai ita yake, kuma ba a goge hannun mutum sai an tambaye shi.

Jitar da na fi sani a duniya ta wani Ba'amurke ce baƙar fata, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Masu jin kiɗan blues sun san shi, a shago kuwa Dattijo nake ce masa, tun ma kafin ya tsufa sosai. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, kullum da hular malafa. A kudancin Amurka aka haife shi, a cikin gonakin auduga. Ya ce kayan kiɗansa na farko waya ce da ya kafa da ƙusa a bangon gidansu, yana bugawa har uwarsa ta biyo shi da tsintsiya. Ya zo Ingila da wata ƙungiyar makaɗa, sauran suka koma, shi ya auri wata nas ya zauna. Jitar ja ce mai duhu, bayanta ya koɗe wurin da take gugar bel ɗinsa, wuyanta kuma ya yi ramuka daidai yatsunsa.

Yadda yake son a saita masa ita, ba mai hankalin da zai so haka. Tsirkiyoyi masu kauri, a ɗage sama, sai ka sa ƙarfi kamar mai matse wanki kafin su taɓa wuya. Da wannan ƙarfin yake jan tsirkiya ɗaya gefe, ya riƙe ta tana kuka, ya sake ta a hankali. Wasu makaɗan suna zuba sauti kamar ruwan famfo, shi kuwa ɗaya zai buga ya tsaya, ɗakin duk ya yi tsit ana jiran na biyu. Samarin Turawa da suka zauna a gabansa a mashaya suna kallon yatsunsa, da yawa sun girma sun cika filayen ƙwallo da jama'a, sun sayi manyan gidaje a bayan gari, shi yana nan a flat ɗinsa na council, gidan hayar hukuma. Bai taɓa nuna ya damu ba. Yakan ce sun ɗauki rigar sun bar mutumin. Yaransu kuma su zo mana da jita su ce a saita musu irin ta Dattijo. Mukan yi musu. Bayan mako sai ga su da yatsu a fashe, suna roƙon a mayar yadda take.

Wata rana wasu Buzaye masu jita, da suka zo wasa daga Agadas, suka biyo shi har shago don su gaishe shi. Ba su da Turanci sosai, shi ba shi da Faransanci, sai ga shi da Hausa aka yi, ni ne tafinta. Suka buga masa, ya saurara da ido a rufe, ya ce in gaya musu kiɗan kawunsa suka sato. Babbansu ya gyara rawani ya ce in gaya masa shi ne ya sato na kakarsu. Aka yi ta dariya, aka yi kiɗa har na manta da gam a wuta ya ƙone. Ranar na fara jin cewa sana'ar nan ba ta raba ni da gida ba kamar yadda nake tsammani.

Kada ku ɗauka duk kwastoma haka suke. Akwai lauyan da ke sayen jita masu tsada ya rataye a bango, ya kawo mini a share musu ƙura. Akwai makaɗan coci, mutanenmu, waɗanda jitarsu ba ta lalacewa sai yammacin Asabar. Akwai wani ɗan zangon Kumasi da ke shigowa ya ce, "Maigida, jita na ya mutu kuma," alhali batir ne kawai ya ƙare. Da Mista Konlon ya gaji da tari ya koma ƙasarsu, su ya bar mini, tare da magagaransa da tukunyar gam.

Sai shekarar kullen korona ta zo. Ba wasa, ba biki, ba coci, ba mashaya. Wanda ba zai hau dandamali ba, me zai kai shi wurin mai gyara? Saratu ta dube ni wata safiya ina zaune da kayan aiki a jiki ba inda za ni, ta ce, "Baban Rahila, an yi cancel ɗin komai fa, har bikin 'yar Mama Asabe. Ka nemi delivery kafin abin nan ya wuce." Na nema. Na yi ta hawa benayen unguwar Thamesmead da kwalaye, hannun da ya saba da magagari ya koma danna ƙararrawar ƙofa. Shagon kuwa ƙarƙashin gada yake, in ba a kunna hita sai danshi ya shiga. Jitocin da masu su suka bari suka fara kumbura, wata ta yi fumfuna, wata jakinta ya ɓalle. Nakan biya in sassauta tsirkiyoyi in buɗe akwatuna su sha iska. A cikin wannan shekarar aka buga mini waya cewa Dattijo ya faɗi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, kuma ba a barin kowa ya shiga dubiya. Hannun hagu shi ne mai danna tsirkiya.

Bayan an buɗe gari, wata ranar Talata da hantsi, 'yarsa Ruth ta turo ƙofa da akwatin jitar a hannu, shi yana biye da sanda. Ya rame, malafar ta yi masa yawa. Ruth malamar makaranta ce, mace mai magana kai tsaye, ita ke kula da shi tun rasuwar uwarta. Ta ja ni gefe ta ce wani gidan tarihi ya nemi jitar, za a sa ta a gilashi da hotonsa, kuma ƙarshen wata za su aiko a ɗauka. Ta ce ba don tana so ba ne. Kullum yana zaune yana kallon jitar, in ya ɗauka ya danna ba sauti, sai ya wuni bai ci abinci ba. Gara ta bar gidan, ko ya huta. Abin da suke so kawai in duba ta, in kaɗe ƙura.

Dattijo ya ce, "John," don haka yake kirana, "kada ka wanke ta. Ka cire tsirkiyoyin dai, sun gama aikinsu."

Na ce, "Baba, ba ni hannun in gani."

Ya miƙo da ƙyar. Yatsun sun lanƙwashe ciki, ba ƙarfin matsawa, kuma suna ɗan rawa. Amma gwiwar hannun tana motsi, kafaɗar ma haka. Na roƙi Ruth ta bar mini jitar zuwa ƙarshen watan.

Abin da kowane mai gyara zai fara yi shi na yi. Na sa tsirkiyoyi sirara, na saukar da su har suna kusan kwanciya a wuya, yadda ko jariri ya taɓa za su yi sauti. Aka kawo shi ya gwada. Ya danna da ƙyar, wani ɗan sauti siriri ya fito, ya yi ƙoƙarin jan tsirkiyar gefe yatsan ya zame. Ya ture jitar daga jikinsa ya ce, "Wannan ta yara ce." A bakin ƙofa Ruth ta ce mini, "Mista Yohanna, na san da kyakkyawar niyya ka yi. Amma ni zan koma gida da shi, ba kai ba. Kada ka sake sa masa rai." Gaskiya ta faɗa.

Ina cikin mayar da tsofaffin tsirkiyoyin ne wani mai goge ya faɗo mini a rai, wanda ke zama ranar kasuwa a garinmu kusa da masu burkutu. Na sha tsayawa ina kallonsa ina yaro. Mai goge ba ya danna tsirkiya ta taɓa sanda, a sama take, taɓa ta kawai yake yi da yatsa tana fitar da murya. Ashe juya abin zan yi. Ba saukarwa ba, ɗagawa. A ɗaga tsirkiyoyin sama sosai, a kwantar da jitar a cinya, a riƙa zamar da wuyan kwalba a kansu. Wannan ba ƙirƙirata ba ce, tsohuwar hanya ce a kiɗan blues, duk mai sana'ar nan ya san ta. Ba ta son ƙarfin yatsa, gwiwar hannu take so.

Sai dai akwai matsala. Dole in cire nat ɗin asali in sa dogo, kuma gidan tarihi sun ce ba sa son a canza ko ƙusa. Sannan wani can a Amurka, tun kafin a haife ni, ya liƙe nat ɗin da mugun gam irin wanda ba ya saki. In na buga ya tafi da katakon wuya, shi ke nan. Na hau bas na je flat ɗinsu na faɗa musu duka, ban rage komai ba.

Ruth ta ce, "Wato in ta tsage, ba shi da jita, ba shi da gidan tarihi."

Na ce, "Haka ne."

"In kuma ba ta tsage ba, ka tabbata zai iya?"

"Ban tabbata ba."

Ta dubi uban ta ce tasa ce, shi zai faɗa. Dattijo ya juya wajen taga. Ya ce kawunsa haka yake kiɗa, da wuƙar aljihu, a bakin shagon wani Bature, ana jefa masa kwabbai a hula. Ya ce, "Na tsallake teku don in yi kiɗa a tsaye, John. Ba zan kwantar da jita a cinya kamar mai bara ba."

Na ce, "To, Baba, sai a kai ta gilashi. Can ma a kwance za su ajiye ta."

Ya harare ni irin hararar da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ruth ta buɗe baki za ta sallame ni, sai ya ce, "Cire nat ɗin."

Da safe na yi aikin, lokacin da hannu bai gaji ba, na kulle ƙofa na kashe waya. Na bi gefen nat ɗin da sabuwar reza, a hankali, ina yanka tsohon fenti don kada ya ɓantare. Na ɗumama wurin da ɗan ƙarfe mai zafi a naɗe cikin tsumma. Na ɗora guntun katako a jikin nat ɗin, na ɗauki ƙaramar guduma, sai ga jirgi. Na tsaya da guduma a sama har ya wuce, kwalabe suka yi shiru. Na buga kaɗan, bai motsa ba. Na ƙara zafi, na sake bugawa, na ji wata 'yar ƙara wadda duk kafinta ya san ta, ƙarar katako ba ta gam ba. Na ajiye guduma na duba da gilashin ƙara girma. Wani ɗan silin katako ne ya tashi, bai kai farce ba, kuma bai rabu da jikinsa ba. Na sa masa gam na fata da bakin allura, na matse, na fita waje na bar shi ya bushe. Washegari nat ɗin ya fito salin alin.

Sauran aikin na ƙashi ne. Na zaɓi wanda ya fi daɗewa a shanye, na yanka shi dogo, na tsaga wa kowace tsirkiya gurbinta, na ɗaga jaki ya yi daidai da shi. Na mayar da masu kaurin nan da ya saba da su, na ɗaure su yadda in ka shafa duka shida a sake za su yi murya ɗaya mai daɗi. Kwalba ce ta fi ba ni wahala. Na bi kwandunan shara na mashayar da ke kusa har mai wurin ya fara yi mini wani irin kallo. Na yanka wuyan kwalba iri-iri, wasu su fashe, wasu su yi sauƙi da yawa. Wadda ta yi mai kauri ce, kore. Na goge bakinta da sanfefa har ba za ta yanki ko auduga ba, na liƙa mata fata a ciki don ta kama yatsan da ba zai iya kama ta ba. Ku da kuke cewa easy, wannan kaɗai ya ci mini mako.

Suka zo ana saura kwana kaɗan motar gidan tarihi ta iso. Na zaunar da shi a kujerar Mista Konlon, na ɗora masa jitar a cinya, na zura masa kwalbar a yatsan tsakiya. Bai dube ni ba. Ya buga da hannun dama, ya ja kwalbar, wani irin kuka ya fito kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ya sake, kwalbar ta bugi katako. Ya yi wata ashar ta mutanen gonar auduga wadda ba zan fassara muku ba. Ruth ta ɗauki jakarta ta rataya, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Na ce, "Baba, kada ka danna. Ɗora kawai."

Ya ce, "Na ji ka. Ba kurma ba ne ni."

Ya ɗora. Ya buga tsirkiya ɗaya, ya tura kwalbar sama a hankali daga gwiwar hannu, ya tsaya. Rawar nan ta hannunsa, wadda ke zubar masa da shayi, ita ta shiga cikin kwalbar, sautin ya riƙa karkarwa yana tsawo. Nasa ne. Ko a bayan ƙofa nake zan ce nasa ne. Ya bar shi ya mutu da kansa, ya jira, ya buga na biyu. Daga nan ya sunkuyar da kai, malafar ta rufe fuskarsa, ya fara wani kiɗa da ban taɓa ji ba, yana gunaguni a ƙasan maƙogwaro, ƙafarsa mai lafiya tana buga ƙasa. Yana kuskure, yana komawa, yana zagin kwalbar, amma bai tsaya ba. Ni dai na jingina da bencin aiki na sauke wata ajiyar zuciya da na yi wata guda ina riƙe da ita.

Ruth ta sauke jakar. Ta tsaya a bayansa, ta goge ido da bayan hannu, ta bari sai da ya kai inda zai numfasa. Sannan ta ce, "Daddy, mutanen gidan tarihi fa? Me zan ce musu?"

Bai ɗago kai ba, yana gyara zaman kwalbar a yatsa. Ya ce, "Ki ce su jira in mutu. Ki kuma gaya musu ba sauri nake yi ba."